Idan Mota Ta Ƙi Tashi A Bakin Iyaka: Abin Dubawa Kafin A Sayi Sabon Batir

Duk mai cin kasuwannin kan iyaka ya san cewa sammako shi ne rabin ciniki. Ranar Alhamis ce kasuwar Maigatari, Lahadi kuma ta Illela da Mai'aduwa, kuma wanda motarsa ta ƙi tashi da asubahin irin waɗannan ranaku, to sai dai ya jira wani makon. In kuwa tumatur ya loda, ko ɗanyen barkono, ko dabbobi, asarar tasa ta wuce ta jira. Abin da aka saba gani shi ne, da zarar direba ya murɗa makulli ya ji shiru, sai kowa a tasha ya yanke hukunci cewa batir ya mutu, a tura yaron mota shago mafi kusa ya ɗauko sabo a kan duk farashin da mai shago ya yanka. Bayan kwana uku ko huɗu sai sabon ma ya kwanta, a koma ana zagin mai shago wai ya sayar da jabu. Alhali sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin abin da ya kashe tsohon batir yana nan cikin motar, kuma shi ne ya kashe sabon.

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa kafin injin ya juya. Akwai batir mai ajiyar wuta, akwai kik mai juya injin, akwai altaneta mai mayar wa batir wutar da aka ci, sannan akwai wayoyi da fis-fis da ke haɗa su. A ɓangaren Nijar da Kamaru da Chadi, inda kalmomin gareji suka fito daga Faransanci, za ka ji ana kiran kik da demarar, kan batir kuma kos, wayar da ke haɗe da jikin mota a ce mata mas. Yana da kyau ɗan kasuwar da ke tsallakawa ya riƙe sunayen biyu, domin bakaniken Maraɗi da na Katsina cuta ɗaya suke magani, suna ne kawai ya bambanta. Kowanne daga cikin huɗun nan yana iya hana mota tashi, kuma kowanne yana da alamarsa.

A fara da kunne da ido

Mota takan faɗi abin da ke damunta, in an saurara. Kafin a taɓa sifana, a kashe rediyo, a kunna fitilun gaba, a sa yaron mota ya tsaya yana kallonsu, sannan a murɗa makulli.

Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri kamar ana buga keken ɗinki, fitilu kuma suka dushe ko suka mutu, to wutar da ke isa ga kik ba ta ishe shi ba. Ko dai batir ya yi sanyi, ko kuma wutar tana nan amma ta rasa hanyar wucewa saboda datti ko sako-sako a kan batir. Haka nan idan injin yana juyawa da ƙyar kamar mai nishi. Amma idan aka ji ƙas sau ɗaya mai ƙarfi, injin bai motsa ba, fitilu kuma suna nan da haskensu tar, to a ƙyale batir, a nufi kik. Galibi burushin cikinsa ne ya cinye, ko solanoyid, wato ɗan gwangwanin nan da ke bisansa, ya ƙone daga ciki. Direbobi sun san dabarar ƙwanƙwasa kik da ƙarfe yayin da wani ke murɗa makulli, kuma takan yi aiki, amma dabara ce ta fita daga daji zuwa gari kawai. A kuma yi ta a hankali, domin kik ɗin motocin zamani yana da maganaɗisu a ciki, wanda duka mai ƙarfi kan farfasa shi.

Idan kuwa babu ƙas babu komai, fitilu na ci, alamomin gaban direba duk sun kawo, to umurnin tashi ne bai isa ga kik ba. A nan ake duba fis da rile na kik, da mazaunin makulli. Mai mota otomatik ya tabbata giya tana kan P, in ta ƙi ya mayar da ita N ya sake gwadawa, domin akwai wani ɗan makunni da ke hana mota tashi a cikin giya, kuma yakan lalace. Wasu motocin masu kulochi ba sa tashi sai an taka kulochi har ƙasa. Idan kuma kik ya yi ta kuka shuuu shi kaɗai ba tare da ya juya injin ba, haƙoransa ne ba su kama filawil ba.

Sai kuma wanda ya fi rikita mutane, wato injin yana juyawa garau da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. Wannan ba ya da alaƙa da batir ko kaɗan, batirin da ya iya juya injin haka ya gama nasa aikin. A saurari famfon mai, a yawancin motocin fetur na yanzu ana jin ɗan gunjinsa na daƙiƙa biyu daga wajen tanki da zarar an buɗe makulli. In ba a ji ba, a duba fis ɗinsa. A duba ko wuta na zuwa fulogi. A motar gas kuma, musamman da sanyin safiya, a jira alamar hita ta mutu kafin a murɗa. Akwai kuma motocin da makullinsu ke da ɗan ƙwayar tsaro a ciki, waɗanda in aka yanko makulli a kasuwa zai buɗe ƙofa, zai juya injin, amma mota ba za ta tashi ba, sai dai ka ga wata alama mai siffar makulli tana ƙyaftawa. Masu motar da ake tayarwa da maɓalli kuma su tuna cewa rimot ɗin yana da nasa ɗan batir mai kamar kwabo. In ya mutu, a yawancinsu kara rimot ɗin a jikin maɓallin yakan wadatar.

Kowane iri ne dai, kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. A saki, a ba kik hutun kamar minti ɗaya. Masu nacin murɗawa har sai hayaƙi ya tashi sukan fara da matsala ɗaya su ƙare da biyu.

Kan batir da wayar jiki

A ganinmu, da za a tara motocin da suka ƙi tashi a tashoshin kan iyaka a duba su ɗaya bayan ɗaya, da an sha mamakin yawan waɗanda matsalarsu ba ta wuce kan batir ba. Dalili kuwa shi ne yawan wutar da kik ke ja. Fitilun gaba biyu ba su cin fiye da am 10, amma kik ɗin ƙaramar motar fetur yana jan am 100 zuwa 200 a lokaci guda, na motar gas kuma ya fi haka nesa. Saboda haka kan batir mai sako-sako yana iya kunna fitila da rediyo da hon lafiya lau, har direba ya rantse cewa wuta na nan, amma da an nemi wutar kik sai hanya ta toshe. Kamar ƙofar gida ce da mutum ɗaya ke wucewa ba wahala, amma ba ta ɗaukar amalanke.

A kama kan batir da hannu a murɗa. In ya motsa, an samu ɓarawon. In an ga wani farin gari ko kore-kore ya taru a kai, shi ma ya isa ya tare wuta. Wata alamar kuma, bayan an gwada tayarwa sau biyu, a taɓa kawunan da wayoyin a hankali, duk inda aka ji zafi, to nan wuta ke maƙalewa. Gyaran ba ya cin ko sisi. A fara kwance na baƙi mai alamar ragi, sannan na ja mai alamar tarawa. A wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, domin kanwa na kashe kaifin asid, sai dai a kula kada ruwan ya shiga cikin ramukan batir. A goge da takardar yashi ko burushin ƙarfe har dalmar ta yi haske, a mayar da na ja tukuna, na baƙi daga ƙarshe, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris ko basilin a sama. Wannan jeri na kwancewa da ɗaurewa yana da dalili: muddin na baƙi yana haɗe, in sifana ta taɓa kan ja da jikin mota lokaci guda, tartsatsin da zai tashi yana iya narkar da ita a hannun mutum.

Al'adar nan ta buga ƙusa ko cusa guntun gwangwani tsakanin kan batir da maɗaurinsa, ko kuma dukansa da dutse duk safiya, ba ta haifar da ɗa mai ido. Duka yana tsaga murfin batir a gindin kan, asid ya riƙa tsattsafowa, garin nan ya ƙara taruwa. Sabon maɗauri kuwa kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu a tasha ba.

Wayar da aka fi mantawa da ita ita ce ta jiki, wadda ta tashi daga baƙin kan batir zuwa bodi, da wadda ta tashi daga bodi zuwa injin. Ta cikinsu wuta ke komawa. Hanyoyinmu masu gargada da ƙura da ruwan damina suna cinye su, wani lokaci kuma bakanike ne ya sauke injin ko giyabos ya manta bai mayar ba. Gwajinta mai sauƙi ne. A ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, a maƙala bakinta ɗaya a baƙin kan batir, ɗayan kuma a wani tsaftataccen ƙarfe na jikin injin. In mota ta tashi nan take, wayar jiki ce.

Abin da mita ke faɗa

Ƙaramar mitar awon wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke riƙewa, tana samuwa a kusan kowace babbar kasuwa, kuma kuɗinta ɗan ƙanƙani ne in aka kwatanta da na batir. Muna ganin duk mai motar haya ko ta kaya ya kamata ya ajiye ɗaya a aljihun mota, ya kuma koya wa yaronsa karanta ta. Lambobin da za a riƙe ba su da yawa.

Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6 a ciki, kowanne na ba da bolt 2.1. Saboda haka cikakken batir da ya huta na wasu awoyi zai nuna 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.4, kashi uku cikin huɗu ya rage. In 12.2 ne, rabi ya tafi. Daga 12.0 zuwa ƙasa kuwa batir ya yi sanyi, yana bukatar caji. Mai karatu ya lura da yadda tazarar take da ƙanƙanta, domin mutane da yawa in suka ga 12 sai su ce ai lafiya lau, batirin bolt 12 ne. Idan kuma aka caja shi ya cika, aka bar shi ya kwana, da safe aka tarar da shi wajen 10.5, to ɗaki ɗaya ya mutu, kuma wannan ba ya da magani sai canji.

Sai dai awon batir yana zaune ba ya faɗin komai game da ƙarfinsa. Tsohon batir yana iya nuna 12.6 amma ya durƙushe da an ɗora masa kaya. Don haka a bar mitar a kan batir, wani ya murɗa makulli. Lafiyayyen batir ba ya sauka ƙasa da 9.6 yayin da kik ke ja. In ya faɗo 8 ko 7 alhali an san a cike yake, to ko ya gaji, ko kuma kik ɗin ne ke jan wutar da ta wuce kima saboda ya lalace. Hanyar rarrabewa ita ce a gwada da wani batir da aka tabbatar da lafiyarsa. In shi ma ya durƙushe, kik ne.

A nan za mu ja hankali kan wani abu. Batirin da ya yi sanyi daban, wanda ya mutu daban. Wanda aka bar fitila ta shanye shi cikin dare, caji kawai yake so. A kai shi wurin masu caji a sa masa ƙaramar wuta ya kwana, sannan a auna. Yanke wa batir hukunci alhali ba komai a cikinsa kamar auna ƙarfin mai azumi ne da la'asar.

Bayan mota ta tashi, a sake aunawa. Yanzu altaneta ake jarrabawa. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. A kunna fitilu da fanka, a ɗan taka totur, lambar ta tsaya sama da 13.5. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, ko tana raguwa, to altaneta ba ya caji, motar tana tafiya ne da ajiyar batir, kuma ko sabo fil aka saka ba zai kai ko'ina ba. In kuma ta haura 15, caji ya yi yawa, yana dafa batir. Alamarsa ruwan batir ya riƙa ƙafewa da wuri, a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, gefen batir ya kumbura, ƙwayayen fitila su riƙa ƙonewa. Wasu motocin na baya-bayan nan kwamfutarsu kan rage caji ko ta ƙara da gangan, don haka a nasu a auna fiye da sau ɗaya kafin a ce an gano. Ga manyan motoci masu batir biyu, irin su tirela da gingimari, sai a ninka lambobin: wajen 25 a zaune, wajen 28 in injin na aiki.

Kafin a sauke altaneta, a duba bel. Bel mai sako-sako ko wanda ya yi santsi yana zamewa, yakan yi ƙara ƙiii da safe ko in an kunna fitila. A duba kuma 'yar jar alamar batir da ke gaban direba: dole ta kawo in an buɗe makulli, ta mutu in injin ya tashi. In ba ta kawowa sam, kada a yi murna. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikin wannan ɗan ƙwan fitila altaneta ke samun wutar farko da yake fara caji da ita, in ƙwan ya ƙone caji na iya tsayawa. Sau da yawa kuma gyaran altaneta bai wuce canjin burushi ko na'urar daidaita caji ba, ba sai an sayi sukutum ba.

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare a garejinmu wanda muke roƙon masu mota su hana a yi musu, wato cire kan batir alhali injin na aiki, wai in mota ba ta mutu ba altaneta na da kyau. A zamanin Fijo 404 da 504 masu kafireta an sha yin haka an kwana lafiya, domin babu abin da zai ƙone sosai. Motar yau kuwa tana da kwamfuta, kuma batir shi ne ke shanye hauhawar wutar altaneta. Da an cire shi wutar na iya yin tsalle ta ƙone kwamfutar ko altanetan kansa, a tashi daga gwajin kyauta a faɗa kashe kuɗin da ya ninka na batir sau da yawa. Hukuncin ɗaya ne da dabarar tayar da mota da batirin aro sannan a zare shi a mayar da na motar injin na ci. Haka nan gwada batir ta hanyar gitta waya ko sifana a kawunansa don a ga tartsatsi. Batir yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, musamman in yana caji ko bai daɗe da sauka daga caji ba, kuma yana fashewa ya watsa asid a fuska.

Ɓarawon dare da doguwar tsayuwa

Wata motar kuma batirinta lafiya, altaneta lafiya, tana tashi duk yini, amma in ta kwana biyu a ajiye sai a tarar ba wuta. Wani abu ne ke sha a ɓoye. Lissafin mai sauƙi ne: ƙwan fitila mai wat 5, irin na cikin but, yana cin kusan am 10 a kwana ɗaya da yini. Batir mai am 60 zai rasa rabinsa cikin kwana uku. Waɗanda aka fi kamawa da wannan sata su ne rediyo da amfilifaya da aka haɗa kai-tsaye da batir, cajar waya da aka bari a soke, na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, da kuma altanetan da wani abu ya ƙone a cikinsa, wanda da rana yana caji da dare yana zuƙewa. Mai gyaran wayarin zai sa mita tsakanin baƙin kan batir da wayarsa, a rufe ƙofofi, a jira kamar rabin awa kwamfutocin motar su yi barci. Abin da ya wuce kashi 5 cikin 100 na am ɗaya ya yi yawa. Daga nan sai ya riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi, layin da ɓarawon yake ya bayyana.

Doguwar tsayuwa kuwa 'yan kasuwar kan iyaka sun fi kowa saninta. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa har zuwa Maris na 2024, manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Malanbil na tsawon makonni da watanni. Ko ba rufe iyaka, jiran takardun kwastan ko na duwan yana cin kwanaki. Batir kuwa ko ba a haɗa shi da komai ba yana zubar da wutarsa a hankali, zafi na ƙara saurin zubar. In ya daɗe a sanyaye, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan dalmar da ke ciki, daga nan ba zai ƙara riƙe caji kamar da ba. Wanda ya san motarsa za ta yi fiye da mako guda a tsaye, ya cire baƙin kan batir. In za ta kai wata, a nemi caji, ko da da ƙaramin faifan sola ne mai na'urar daidaitawa. Tayar da injin na minti biyar kowace safiya ba ya cika batir, gara a bar shi ya yi rabin awa. Wannan ya shafi masu jigila a gajeren zango kamar tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, inda ake kashewa a tayar sau da yawa a yini, tafiyar kuma 'yan mintoci ce.

Direbobin manyan motoci suna da tasu matsalar. A lokacin jira sukan jona rediyo ko cajar waya ko fanka a jikin batir ɗaya daga cikin biyun don samun bolt 12. Wannan yana sa ɗaya ya riƙa zama da yunwa, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, daga ƙarshe a rasa duka biyun. Akwai 'yar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, ita ya kamata a saka. In kuma za a canza, a canza biyun tare, masu girma ɗaya. Haka masu ciro batirin mota da dare su kunna fitilar shago ko talabijin. An gina batirin mota ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, a mayar masa nan take. Shanye shi ƙarƙaf sau da yawa yana gajarta kwanansa, wannan aikin batirin sola ne.

Mutane kan ce sanyin hunturu ne ke kashe batir, domin a Disamba da Janairu aka fi ganin ana turin mota da safe. Gaskiyar ita ce zafin bazara ne ya riga ya yi ɓarnar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Ƙonni da Maraɗi, cikin bonet ya fi haka nesa, ruwan batir na ƙafewa, farantan na cinyewa. Sanyi yana zuwa ne ya tona asiri, saboda man injin ya yi kauri, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa batirin da ya zo cikin motar Kwatano, wanda ya yi shekaru a Turai sannan ya yi makonni a jirgin ruwa da filin ajiya, ba abin dogaro ba ne ko da yana tayar da mota a ranar saye. Mai batir irin wanda ake buɗewa ya riƙa duba ruwansa duk wata a lokacin zafi, ya tabbata ya rufe farantan. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan, don haka ƙara asid ƙara kaifi ne da ke cinye farantai. Ruwan rijiya da na leda kuma suna da gishirin da ke lalata shi.

In ta tabbata batir ne, a sayi daidai girman da motar ke bukata, a duba ranar da aka ƙera shi, wanda ya wuce wata shida a kan kanta ya riga ya fara tsufa. A sa mai shago ya auna shi a gabanka, ya nuna 12.5 ko sama. A ɗaga shi a ji nauyi, domin dalma ce kuɗin batir, mai am 60 zuwa 75 yakan kai kilo 15 zuwa 20, wanda aka ji shi sakayau komai kyan takardar jikinsa a bar shi. A lura da gefen da kan ja yake, da kaurin kawunan, domin na wasu motocin Japan sirara ne, na Turai kuma masu kauri. Haɗa batir a juye, ko na daƙiƙa ɗaya ne, yana ƙone babban fis da altaneta. A karɓi rasit mai kwanan wata da sharaɗin garanti a rubuce, a kuma tambaya tun a nan ko garantin yana aiki in an tsallaka iyaka. Sannan a ɗaure shi da maɗaurinsa, batirin da ke tsalle a hanyar gargada farantansa na zubewa.

Wajen jona batir da wata mota kuwa, jar waya daga ja zuwa ja, baƙar waya daga baƙin kan lafiyayyen batir zuwa ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirinta. A bar mai taimakon ta yi aiki na minti biyar kafin a gwada. Kada a kuskura a jona ƙaramar mota da bolt 24 na tirela, kada kuma motocin biyu su taɓa juna. Motar otomatik ba a tura ta.

Tsohon batir kuma kuɗi ne, masu shago da 'yan gwangwan suna saye saboda dalmarsa. A sayar da shi a rufe yadda yake, da ruwansa. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwan a tsakar gida ko kusa da rijiya, kada kuma a bari yara su yi wasa da shi. A unguwar Caroy da ke bakin teku a wajen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalma, a inda mutanen unguwar ke fasa tsofaffin batura suna tace ƙasar wurin a cikin gidajensu don su sayar.